Kunnen Iro da Motar Jana'izar Zango

Zango, Wagadugu
9 ga Afrilu, 2002

Zuwa ga uwargidana Hajjo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin sauka Maraɗi lafiya, gajiyar hanya ta bi lafiya. Yaya mai jego Adawiyya da ruwan zafi? Yaya angon naki Al'amin, wanda tun bai san hannunsa ba ya raba ni da matata? Ki faɗa masa aro na ba shi na kwana arba'in, ba kyauta ba. Ki gaishe da surukinmu da mutanen gidansu. Ni nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya sa mu gaba.

Shekaranjiya da kika kira a telesantar ɗin bakin masallaci na zo, na riƙe kan wayar har kunnena ya yi gumi, ban tsinci komai ba sai kamar ana suya a gidan maƙwabta. Layin Nijar ya lalace ƙwarai. Matar da ke tsaron wurin ta karɓa ta ce ita tana jin ki sarai, amma dai kin san ta da son nuna iyawa. Kada ki ƙara wahalar da kanki. Sa'idu direban bas yana bi ta nan duk mako, zan riƙa ba shi takarda.

Ladidi matar Shitu ba ta yi fashi ba ko sau ɗaya tun da kika bar mata amanar cikina. Kullum bayan la'asar kwano yana zuwa. Miyarta ba ta kamo ƙafar taki ba, amma wannan tsakaninmu. Ƙofar ɗakinmu kuma da kika shekara kina mita in sa mata mai, ta daina kuka da kanta, ashe da ke take yi. Ko gyare bana babu a tsakar gida, zafi ya kore su.

Aiki yana nan. Jiya Shitu ya kawo min akori-kurar masallaci, farar bashe ɗin nan da muke kai mamata maƙabarta da ita. Kin san ranar da babu jana'iza kwamiti ya yarje masa ya ɗauki dilolin 'yan kasuwa daga tasha, da abin da yake ci da iyalinsa ke nan. Ya ce ralantinta ya hau. Ke da kika shekara talatin da bakanike kin san ralanti, numfashin mota ne in tana tsaye direba ya ɗauke ƙafa daga totur. Kamata ya yi ta riƙa gunaguni a hankali. Ita kuwa sai ihu take kamar wani ya taka ta.

Na duba wayar totur ko ta maƙale, na same ta sakwa-sakwa. Na duba cok, a buɗe yake. Na kafa dogon sukudirebana a jikin inji, na danna ƙotar a ƙashin muƙamuƙina kamar yadda na saba, na bi cikinta tun daga gaba har baya. Fistin huɗu suna lugude kamar mata a turmi ɗaya, babu mai shiga hannun wata. Shekara goma sha biyu motar nan tana hannuna, na san ta fiye da yadda na san wasu dangina. Sai na mayar da sukurun ralanti baya har ya kusa ƙarewa, na ɗora tafin hannu a jikinta na ji rawar ta ragu. Na ɗiga masa jan fentina, irin wanda nake ɗiga wa duk sukurun da na saita, don in wani ya taɓa in gane.

Shi kuwa Shitu ya tsaya a kaina yana ta cewa akwai wani siririn sauti da yake ji ta bayan inji, kamar taya tana sacewa, kuma birki ya fara yi masa tauri. Na sunkuya na saurara, babu komai. Na ce masa wataƙila maciji ne ya biyo shi tun daga garinsu Tawa. Man birki a cike yake, don haka na ce ya ƙara cin tuwo ƙafarsa ta yi ƙarfi. Ya yi dariya ya tafi, amma na ga bai gamsu ba.

Ki ji min direba, Hajjo. Mutane suna tasowa daga unguwannin Larle da Tampuy, har direbobin manya na Waga 2000, su zo su ce a kai su wurin Iro Mai Kunne, shi kuma yau zai koya min sauraron inji. Ban ji haushi ba, yaron kirki ne, ko da yake mai shekara arba'in da biyar ya wuce a ce masa yaro.

Ki riƙa shan maganin ƙafarki. Ki shafa min kan abokin kishina.

Naki,
Iro


Zango, Wagadugu
20 ga Afrilu, 2002

Zuwa ga Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Adawiyya da yaro da dukan gida, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni lafiyar jiki alhamdu lillahi, sai dai labarin da zan ba ki babu daɗi.

Baba Jibrin, mahaifin Alhaji Mika'ilu shugaban kwamitin masallaci, ya rasu ranar Laraba da hantsi. Allah ya jiƙansa. Tsohon da ya fara kawo atamfa daga Kano tun muna yara, kin san taron da za a yi. Zango ta cika, har Mosawan kasuwa sun rufe rumfuna sun zo. An yi masa salla bayan azahar. Sabon limamin nan muryarsa ba ta fita, sai da na riƙa kallon na gabana kafin in san an yi kabbara.

Kin san al'adarmu. Daga ƙofar masallaci zuwa bakin kwalta mota ba ta wuce mai tafiya da ƙafa. Tana gaba a hankali, jama'a na biye, tsofaffi suna dafe da ita, sai an kai kwalta sannan kowa ya hau babur ɗinsa. To, ranar Shitu yana tayar da ita ta kama ruri. Ya sa giya ta ɗaya, ta fizga. Tsofaffi suka koma sassarfa a bayan gawa, manyan riguna na tashi. Ya riƙa danne ta da kuloci har warin ƙuna ya cika layin.

Daidai mararrabar masu itace sai ga amalanken jaki ya gitta. Shitu ya taka birki, ta ƙi. An ce tsaye ya miƙe a kansa da ƙafa biyu, ya haɗa da birkin hannu, sannan ta tsaya cak lokaci guda. Makara ta daki gaba ta dawo baya, rabinta ya fito waje. Mutum huɗu da ke kusa suka tare. Ba ta kai ƙasa ba, Allah ya rufa asiri, amma tabarma ta zame, farin likkafani wajen ƙafafu ya bayyana a tsakiyar titi. Alhaji Mika'ilu yana tsaye taku uku daga wurin. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Da hannunsa ya gyara tabarmar, aka ci gaba da tafiya har aka rufe tsohon.

Jiya bayan Juma'a kwamiti ya zauna a zauren liman, aka kira ni, aka kira Shitu. Alhaji ya ce shi ba bakanike ba ne, abu ɗaya yake son sani, motar ce ko direban. Ya ce duk abin da Iro ya faɗa shi ne, don a garin nan ba a ja da kunnen Iro.

Na ce motar ta bar hannuna lafiya kwana tara kafin rasuwar, ni na saita ta, ni na saurare ta. Na ce in ta koma ihu, to wani ya murɗa sukurun, kuma direbobi sukan yi haka don mota ta ja kaya da ƙarfi. Ban ambaci suna ba, amma wa ke riƙe da makulli? Shitu ya ce bai taɓa ba, ya kuma sake maimaita zancen sautin nan nasa da taurin birki. Alhaji ya tambaye ni ko akwai sautin. Na ce babu.

An karɓi makulli an ba ni in riƙe kafin a samu wani direba. Motar tana garejina an lulluɓe ta da tamfol. In an yi rasuwa kafin nan za a ari ta wani maƙwabci.

Kada ki ce komai, na san abin da za ki ce. An tambaye ni abin da na sani, na faɗa. Da in ce ban sani ba a gaban dattawa, me na zama? Shitu ya sha bamban da sauran direbobi, ban musa ba, amma ɗan Adam ne.

Abin da ya tsaya min shi ne kwanon Ladidi. Na ɗauka daga jiya an gama. La'asar na yi sai ga shi, tuwo da miyar kuka, har da ɗan man shanu a kai. Ita da kanta ta kawo, ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum ta tafi. Na ci loma biyu na rufe, zafi ya hana ni ci.

Ki yi wa Alhaji Mika'ilu ta'aziyya a takardarki, zan kai masa.

Mijinki,
Iro


Zango, Wagadugu
29 ga Afrilu, 2002

Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da yaran. Wannan takarda ki karanta da kanki, ko da za ki kwana biyu a kanta. Kada ki ba Adawiyya.

Taki ta iso ranar Asabar. Shafi guda na gaisuwa da labarin yaro, sannan can ƙasa layi ɗaya: ka duba jan fentinka kuwa? Wallahi da kin cika shafi uku da faɗa da ya fi min sauƙi. Ban duba ba. Kwana takwas motar tana gabana, ina zagaye ta kamar rijiya, ban ɗaga murfin injin ba. Yanzu na san dalili.

Jiya da safe na ɗaga. Fentin yana nan yadda na ɗiga shi, ko tsagewa bai yi ba. Ba wanda ya taɓa sukurun.

Na tayar da ita, ba kowa a ciki, ba ƙafar kowa a totur. Tana yin zafi ta kama rawa har madubi na karkarwa. Na cire tukunyar iska, na kife tafin hannuna a bakin kafireta. Inji mai lafiya in ka toshe masa nan shaƙewa yake ya mutu, don ba shi da wata ƙofar numfashi. Ita ko a jikinta, sai ma ta ɗan daidaita. Ko ɗan koyo ya san ma'anar wannan. Tana shan iska ta wani wuri da ba a ba ta ba, iskar ce ke hawar da ralanti, kuma duk murɗa sukurun duniya ba zai sauke shi ba. Na yayyafa fetur a gindin kafireta da gefen gaskit, don in ɓarakar tana nan za ta zuƙe shi muryar injin ta canza. Ba ta canza ba.

Sai na ɗauko guntun tiyo, na sa baki ɗaya a kunnena, ina bin injin da ɗaya bakin. Da haka na kama ɓaraka ta fi ɗari a rayuwata. Iska in tana shiga ƙaramin rami tana da wani siririn fito da ba ya ɓuya. Na bi gaba, na bi baya, na canza kunne. Babu komai, Hajjo. Rurin injin kawai nake ji, can ƙasa, kamar daga cikin randa.

Ina tsaye da tiyo a hannu na tuna abin da Ladidi ta ce ranar Alhamis da ta zo ɗaukar kwano. Ta ce in yarda ta kawo ɗan mai a sa wa ƙofar ɗakinmu, don kukanta har gidansu. Na ɗauka wasa take. Na tuna gyare. Na tuna telesantar da muryar liman. Ba abin da ya daina kuka, ni ne na daina ji.

Abin da ya rufe min ido shi ne sukudireba. Bugun ƙarfe yana bin ƙashi ya shiga kai, ba ruwansa da kunne, shi ya sa har yau ba fistin da zai yi min ƙarya. Amma iska ba ta bin ƙashi. Kuma in zan faɗa miki gaskiya duka, na daɗe ina zargi. Na daɗe ina kallon bakin mutane in suna magana, ina dariya in na ga ana dariya. Na ji tsoro ne. Ba ni da gona, ba ni da rumfa, kunnen nan shi ne abin da na mallaka, shi ne ma sunana.

Na rufe gareji na tafi neman Shitu. A tasha na same shi, ya naɗa gammo yana sauke diloli a ka, irin dilolin da da yake ɗauka a mota. Ya gan ni ya ajiye ya zo ya gaishe ni da Baba Iro kamar ba abin da ya faru. Na shirya dogon jawabi a hanya, duk ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Shitu, ka ara min kunnenka."

Ya karkaɗe rigarsa ya hau bayan babur ɗina.

Na ba shi tiyon. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya nuna min wurin, can bayan inji, a lungun da hannu ke shiga da ƙyar. Ni ban yarda da abin da ban gani ba, sai na kunna turaren tsinke na zura. Hayaƙin ya miƙe sama, sannan ya karkata ya shige ƙarƙashin wani baƙin tiyo kamar ana jan zare. Tiyon da ke tafiya daga inji zuwa mastabak ne, wannan baƙin tulun da inji ke zuƙe wa iska don ya taimaki ƙafar direba wajen taka birki. Na matse tiyon da filaya ta ɓangaren inji. Nan take ta sauka, har ta mutu, saboda ni na mayar da sukurun baya. Rami ɗaya ne ya hawar da ralanti, shi ne kuma ya mayar da birki dutse. Duk abin da Shitu ya faɗa tun ranar farko haka yake.

Na zura hannu na ciro tiyon, sai ga abu yana reto a jikinsa. Laya ce, fatarta ta yi baƙi da mai, an ɗaure ta da waya. Wayar ta ci roba a hankali har ta huda ta. Shitu ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Ba sai na yi nisa ba. Ranar da aka sayo motar, marigayi Liman Na'Allah ya ba ni layar ya ce in sa ta inda ruwan wanki ba zai taɓa ta ba, ɓarawo kuma ba zai gan ta ba. Ni na zaɓi lungun. Igiyar fata na ga za ta ruɓe da zafi, sai na yi dabara na sa waya, na murɗe ta da kyau da wannan filayar. Har yabon kaina na yi ranar.

Mun sa sabon tiyo, na dawo da sukuru mazauninsa. Shitu ya saurara ya ce ta yi, ni na dafa ta na ji ta yi. Ya taka birki ya ce kamar auduga.

Sannan ya ce min wata magana da ta hana ni sukuni. Ya ce ba sai kowa ya sani ba. In ce wa kwamiti tiyo ne ya tsufa ya fashe daga baya, na gano na gyara, a yi wa direba afuwa. Ya ce shi makulli yake so, ba ya son a taɓa sunana, yaransa ma da sunana suke alfahari a makaranta. Amma in na faɗi haka, maganar da na yi cewa ya murɗa sukuru tana nan, cewa ya ƙirƙiri sauti tana nan. Afuwa za a yi masa, ba wankewa ba. Duk ranar da ya wuce Alhaji Mika'ilu zai ga mutumin da ya kusa yar da mahaifinsa a titi.

Kwamiti zai zauna ranar Juma'a. Ban san abin da bakina zai faɗa ba. Ki yi min addu'a.

Tambaya ɗaya kuma. Na lura tun bara ba ki kirana daga bayan gida, sai kin zo gabana. In za mu ci abinci kuma kullum ta hagu kike zama. Tun yaushe kika sani?

Naki,
Iro


Zango, Wagadugu
11 ga Mayu, 2002

Zuwa ga uwargidana Hajjo,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa gare ki, da Adawiyya, da wannan ɗan fashin da kika ce ya fara murmushi. Ina fata ƙafarki ta yi sauƙi. An yi yayyafin farko a nan ranar Litinin, gari ya ɗan yi sanyi.

Amsarki ta zo. Shekara biyu da rabi, tun ranar da tukunya ta ƙone kina ta kirana daga banɗaki ina zaune a ƙofa. Kin ce Adawiyya ma ta sani, maƙwabta mata ma sun sani. Ashe a gidana ni kaɗai ne baƙo. Na yi fushi na yini guda, sannan na rasa wanda zan yi fushin da shi. Na gode da zaman hagu.

Ranar Juma'ar makon jiya na je zauren liman da tsohon tiyon a aljihu, layar tana jikinsa yadda na ciro ta. Har na zauna ban yanke shawara ba. Shitu yana can bakin ƙofa wajen takalma. Da na ga inda ya zauna, mutumin da shekara tara yana ɗaukar mamatanmu, ko tsakar rana ko cikin ruwa bai taɓa cewa ya gaji ba, sai na tashi na ajiye tiyon a tsakiyar tabarma.

Na nuna musu ramin. Na nuna musu wayar, na ce hannuna ne. Na ce fentina bai tsage ba, Shitu bai taɓa komai ba, sautin da ya faɗa yana nan tun farko, birkin ma haka. Sannan na ce, "Ban ji shi ba ne saboda kunnena ya tafi. Na san yana tafiya, na ɓoye. Abin da ya samu Baba Jibrin a hanya ni ne, ba Shitu ba."

Alhaji Mika'ilu ya ɗauki tiyon ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Sai ya yi magana kansa a sunkuye. Na ga gemunsa yana motsi, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da a da ne sai in gyaɗa kai in ce haka ne. Wannan karon na ce ban ji ba. Shitu ya taso daga bakin ƙofa, ya durƙusa ta haguna ya maimaita min a gaban kowa. Wai Alhaji ya ce maganar mahaifinsa ya bar wa Allah, amma kwana goma sha huɗu da Shitu ya yi yana dako ba shi ne zai yafe ba. Na juya na roƙi Shitu gafara a nan. Ya ce ya yafe tun a tasha. Na ciro makulli na ba Alhaji, Alhaji ya ba shi da hannu biyu.

Layar kuwa, wasu dattawa sun ce ita ta hana makara kaiwa ƙasa. Ban yi musu ba, ni da waya nake da magana. Liman ya sa an naɗe ta a ƙyalle an ajiye a akwatin gaban mota.

Ba zan ɓoye miki ba, labari ya zaga. Wani mutumin Larle da ya bar min motarsa ya aiko an janye ta, ko buɗe ta ban yi ba. Wani ma haka. A wurin mai shayi an daina ce min Mai Kunne, sai Malam Iro, da ladabi mai yawa, ana ɗaga murya kamar ana kiran wanda ke hayin kogi. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo. Na je asibiti, likita ya ce shekara talatin da biyar na rurin inji ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tattala saura. Shitu yana biyowa da safe kafin ya tafi tasha, in akwai motar da nake zargi ya saurara min. Yana da kunne, amma bai san abin da yake ji ba tukuna. Ina koya masa, yana da taurin kai kamar wani da kika sani.

Ranar Talata aka yi rasuwa, tsohuwar nan mai ƙosai ta bayan masallaci, Allah ya jiƙanta. Ita ce fitar motar ta farko. Na tsaya a baya tare da tsofaffi na dafa ƙofar bayan. Shitu ya tayar, ya sa giya, ta taka a hankali kamar mai tsoron tashin wani daga barci. Ba wanda ya yi sassarfa. A mararrabar masu itace ya taɓa birki ta tsaya, makara ko motsi. Alhaji Mika'ilu yana gefena, bai dube ni ba, amma da muka kai kwalta ya riƙe min babur har na hau.

Mutane suna ta cewa ba su taɓa jin ta yi shiru haka ba. Ni daga ƙofar masallaci har kwalta ban ji ta ba ko kaɗan, tafin hannuna ne ya gaya min tana numfashi. Sai na yarda da su.

Na sa wa ƙofa mai. Ladidi ta ce ta daina.

Kwana arba'in sun kusa cika. Ki faɗa wa Adawiyya in za ta yiwu ta biyo ki da yaron ko na mako biyu ne. Kin ce yana da ƙarar kuka, ina so in ji da kaina tun na hagun yana aiki. Ranar da za ku taso kada ki kira waya, ki ba Sa'idu takarda. Zan zo tasha in tsaya inda za ki gan ni, don in kin kira ba zan juyo ba.

Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Iro